Gwajin da Nafissatou Ta Ɗaure a Turke

Duk wanda ya tashi a Kpangalam, cikin Sokodé, ya san gidan Bukari mahauci, kuma in ya san gidan to ya san labarin rediyo. Nafissatou, autar gidan, ko ɗankwali ba ta iya ɗaura wa kanta ba lokacin da ta ɗauki wuƙar fawa ta yi wa rediyon babanta gunduwa-gunduwa, wai tana neman mutumin da ke magana a ciki. Da Bukari ya dawo daga mahauta ya tarar da ɓarnar, yayarta Madina ce ta miƙe ta ce ita ta yi. Ta sha bulala ba ta ce uffan ba. Bayan ƙura ta lafa ta ja kunnen ƙanwar ta ce, "Gobe in za ki kwance abu, ki fara koyon yadda ake mayar da shi."

Uwarsu ta rasu Nafissatou na rarrafe, saboda haka bayan Madina ta sani. Madina ce mai kitso, ita ce mai wanki, ita ce mai tsayawa a ƙofar makaranta ranar da ake ba da sakamako. Ita ba ta yi nisa da boko ba, amma ta yi rantsuwa cewa wannan mai kwance-kwancen sai ta ga ƙarshen biro. Haka kuwa aka yi. Nafissatou ta tafi Lomé ta karanci kwamfuta, Madina kuma ta auri Issifou, wani mai sayar da kayan babur, ta bi shi Dapaong. Nisa bai rage komai ba. Kullum sai waya ta shiga tsakaninsu, rabin hirar kuwa tsiya ce, Madina na tambaya ko har yanzu ba a samu mutumin cikin rediyon ba.

Da ta gama karatu, Nafissatou ta dawo Sokodé ta kama aiki a wani ɗan kamfani da ke saman shagon tela. Mai kamfanin, Fayçal, wanda suke ce wa Patron, ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauka haka. Mahaifiyarsa ta rasu ne ana yawon neman mata jini, shi ya sa ya ƙirƙiro wata manhaja da suka sa wa suna Ɗan Aike. Ana bin gari-gari a gwada jinin masu son bayarwa, a rubuta sunan mutum da irin jininsa da lambar wayarsa. Ranar da asibiti ya buƙaci wani iri, Ɗan Aike ya tura saƙo ga masu irin da ke kusa. Nafissatou ta so aikin nan har cikin ranta.

Ga wanda bai san sana'ar ba, manhaja abu ce mai wuyar sha'ani. Ka gyara mata hannu, ƙafa ta goce ba ka sani ba. Shi ya sa masu rubuta ta suke rubuta ƙananan gwaje-gwaje, kowanne da tambaya ɗaya tak. Wannan ya ce, in asibiti ya nemi jini, saƙo ya fita? Wancan ya ce, wanda ya ba da jini kwanan nan, an bar shi ya huta? Duk sanda wani ya taɓa manhajar, kwamfuta da kanta za ta bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya. In duk sun ci, allon da ke rataye a bangon ofis ya yi kore. In ko ɗaya ya faɗi, allon ya yi ja, kuma muddin yana ja, sabon gyara ba ya fita zuwa wayoyin mutane.

To amma ɗan Adam bai rasa dabara. Akwai gwajin da kowa ya san zai faɗi, an san dalili, sai dai gyaran na da nisa kuma aiki na jira. Irin wannan sai a manna masa alama cewa an san da shi. Zai ci gaba da faɗuwa kullum, amma faɗuwarsa ba ta ƙara sa allo ja. 'Yan ofishin Fayçal suna ce wa wannan ɗaurewa a turke, kamar yadda ake yi wa akuya mai ɓarna kafin a samu lokacin gyara danga. Ƙa'idarsu ita ce duk ranar Juma'a kafin masallaci a leƙa turken a ga me za a kwance. Da farko ana yi. Daga baya Juma'a ta yi ta zuwa a gaggauce, turken kuma ya yi ta cika.

Shekararta ta farko a kamfanin, an tura Nafissatou Korbongou, wajen Dapaong, ta ga yadda ake rajista. A gindin wata ɗorawa aka kafa tebur, wani nas mai suna Nourou na soka yatsu, ita tana shigar da sunaye. Ana cikin yi Nourou ya ɗaga kai ya ce, "Madam, zo ki ga. O negatif." Irin jinin da ba kasafai ake samunsa ba ke nan, kuma Nafissatou ta san shi sarai, domin shi ne na Madina, wanda duk haihuwa sai ya tayar wa likitoci da hankali. Mai jinin wata doguwar mata ce da tabon ƙuna a wuyan hannu, ta ajiye kwanon kaɗanya a gefe tana ta murmushin kunya. Nafissatou ta ce a ranta, yau na samo wa Yaya 'yar'uwa.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne lambar waya. Matar ta faɗi tata, na bayanta ya faɗi ita dai, na bayansa ma haka, har aka gama da gidan kaf. Waya ɗaya ce a gidan. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙauye, inda waya take kamar turmi, ta gida ce gaba ɗaya. Amma an gina Ɗan Aike ne a kan cewa lamba ɗaya mutum ɗaya. Sai da ta dawo Sokodé ta duba, ta tarar duk wanda aka shigar a kan lambar da ke akwai, sai ya goge na gabansa. Na ƙarshe kaɗai ke saura. Doguwar matar ta ɓace, sunanta da jininta duka, kuma Nafissatou ba ta riƙe sunan a ka ba.

Nan take ta rubuta gwaji a kan abin. Gwaji na buƙatar mutanen ƙarya da za a gwada da su, kuma masu sana'ar galibi sunayen gida suke ɗauka. Ta ƙirƙiri gida mai waya ɗaya da mutum biyu, Madina da Nafissatou, ta ce wa kwamfuta ta shigar da su sannan ta nemo su duka. Allo ya yi ja, ya rubuta da Faransanci cewa ba a samu Madina ba. Har hoton ta ɗauka ta tura Dapaong. Madina ta maido da saƙon murya tana dariya: "Ki gaya wa na'urarku ina nan ina daka sakwara."

Fayçal bai yi dariya ba. Ya zauna ya duba, ya dafe kai.

"Nafi, wannan ai harsashin ginin ne. In muka taɓa shi, sai mun sake komai."

"Patron, rabin ƙauyukan arewa haka suke. Muna goge mutane."

"Na ji. Amma masu tallafa mana suna jiran sabon gyara ranar Litinin, kuma ba ya fita da jan allo. Ɗaure shi tukuna. Bayan salla mu zauna a kansa, wallahi."

Ta ɗaure shi. Layi ɗaya ne kawai ake rubutawa a saman gwajin. Allo ya koma kore, aka tafa.

Ba ta yi shiru ba, a faɗi gaskiya. Ƙaramar salla ta wuce ta tuna masa, ya ce bayan babba. Babba ta wuce, wani asibiti ya nemi a ƙara masa abu, aka ce bayan wannan. Ta nemi a koma Korbongou a sake rajista, ya ce me amfanin sakewa tunda manhajar za ta sake gogewa, kuma gaskiya ya faɗa. Har abokan aiki suka sa mata suna Sarkin Turke, da ta buɗe baki a taro sai wani ya yi kukan akuya. Ita ma takan yi dariya. Abin da ya fi ciwo ke nan a al'amarin turke: ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya ɓoye komai. An rubuta cewa an sani, kuma da aka rubuta sai hankali ya kwanta kamar an gyara. Damina biyu suka wuce a haka.

A damina ta uku, wata safiyar Talata, tana hawa matakalar ofis wayarta ta yi ƙara. Issifou ne, muryarsa ba daidai ba.

"Nafi, yayarki ta sauka da asuba, mace. Amma jini ya ƙi tsayawa. Sun sa mata wanda suke da shi, ya ƙare. Likita ya ce jikinta ba ya karɓar kowane iri. Sun nema a abin nan naku, ya ce babu kowa kusa."

Ta ƙarasa sama da gudu ta buɗe kwamfuta. Gaskiya ne, Ɗan Aike ya samu mutum biyu kacal a yankin, ɗaya ya ba da jini kwanan nan, ɗayan wayarsa a kashe. Nata jinin ba irinsa ba ne, na Issifou ma haka. Amma ta san akwai ta uku. Ta ga matar da idonta, ta ga tabon hannunta.

Fayçal ya taso yana tambayar lafiya. Ba ta tsaya dogon bayani ba. "Matar Korbongou," ta ce, sai ta ga fuskarsa ta sauya, domin ya gane. Ya ce zai kira Kara da Lomé ya ji ko akwai jini a ajiye. Ta cusa kwamfutar a jaka ta sauka ta tari zemijan, wato ɗan acaɓa, zuwa tasha.

Hanyar Dapaong doguwa ce ko da hankalin mutum a kwance yake. Ƙaramar bas ɗin ta cika maƙil, an danna ta kusa da taga tare da wata 'yar kasuwa mai ƙiba da ke riƙe da buhun kanwa a cinya. Tun kafin su fita gari ta kira Nourou. Ya tuna ranar, ya tuna ɗorawar, amma matar ta shige masa, kuma an mayar da shi wani gari tuni. Saura hanya ɗaya. Lambobin Korbongou na nan a manhajar, kowace da sunan na ƙarshe da aka shigar a kanta. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta gidan matar. Sai dai a bi su duka.

Ta fara kira. Ta farko ba ta shiga ba. Ta biyu wani tsoho ya ɗauka yana magana da yaren Moba, ita kuwa ba ta jin ko sannu. Ta uku aka ɗauka 'yan damfara ne aka zage ta aka kashe. A hawan Aledjo, inda hanya ke ratsa dutse, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke gaba ɗaya, manyan motocin Burkina kuma suka jeru a gabansu suna rarrafe. Nafissatou ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallon alamar da ba ta nan. Ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba. Tsoron har ya hana ta haɗa addu'a, sai sunan Allah kawai take ta maimaitawa.

'Yar kasuwar ce ta taɓa ta. "'Yata, tun Sokodé nake ganin hankalinki a tashe. Mene ne?"

Ta gaya mata a taƙaice. Matar ta ture buhun kanwa ta miƙo hannu. "Ba ni nimeron wayar. Ni ina jin Moba." Sannan ta juya ta ɗaga murya yadda duk motar za ta ji. "Jama'a, mai kiredi a wayarsa ya fito da ita, rai ake nema!"

Daga Kara zuwa Kanté motar nan ta koma ofishin waya. Nafissatou na karanto lamba, ana miƙa ta baya baki da baki. Wani malami da ke gaba yana kira da Hausa, wata ɗaliba da Faransanci, 'yar kasuwar da Moba, duk tambaya ɗaya: a gidanku akwai doguwar mace mai tabon ƙuna a hannu, wadda aka taɓa soka wa yatsa a gindin ɗorawa? Direba ya kashe waƙarsa ya taka mota. Wasu lambobin sun mutu, wasu an sayar da layin, wasu masu su suna gona sun bar wayar a rataye. Tsakanin kira da kira Issifou na bugowa, kuma kowane bugu maganarsa na ƙara gajarta. Fayçal ma ya kira ya ce an samu leda ɗaya a Lomé, amma ko yanzu ta taso sai gobe.

Sun kusa Mango Issifou ya sa wa Madina wayar a kunne. Muryar ta fito siririya, kamar daga ƙasan rijiya.

"Auta, kina hanya?"

"Ina hanya, Yaya. Na kusa samo ta, ki riƙe."

"Yarinyar da hancinki ta zo. Allah ya sa kada ta ɗauko kwance-kwancen."

Nafissatou ta yi ƙoƙarin dariya, abin ya fito kuka. Aka karɓe wayar.

Sun haye gadar Mango ke nan malamin gaba ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Ya miƙo wayarsa baya. Wani mutum ne mai suna Wahabu, Hausarsa ta kasuwa.

"Matana ne, Rakiya. Shi ne yana da tabo, man kaɗe ya ƙone shi."

"Baba, don Allah ba ta wayar!"

"Ai ni ina Cinkassé, na kawo awaki. Wanda ya yi tafiya shi yana riƙe waya. Rakiya yana gona, bayan rafi."

Haka al'adar gidan take, kuma mai hankali ce: wanda zai yi nisa shi ya fi buƙatar waya. Wahabu ya ce zai kira maƙwabcinsa. Maƙwabcin bai ɗauka ba. Ya kwatanta gonar, Nafissatou ta maimaita wa Issifou, Issifou ya tura ƙaninsa a kan babur. An yi ruwa da safe, rafin ya kawo, sai da mutumin ya ajiye babur ya haye da ƙafa. Duk wannan a waya take jin sa, guntu-guntu, tana zaune an matse ta da buhun kanwa, ba abin da hannunta zai iya yi. Daga nan kuma Issifou ya daina ɗauka. Ta kira, ta sake kira, ta gaya wa kanta caji ne ya ƙare.

Ana kiran la'asar ta sauka a ƙofar asibitin. Kusan tare suka iso da babur ɗin, doguwar mace a baya, taɓo har gwiwa, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Nafissatou ta gane tabon tun daga nesa. Ta kama hannun ta ja ta ciki da gudu, sai suka tarar da Issifou zaune a ƙasa a baranda, ya jingina da bango, takalminsa ɗaya a cire. Da ya ɗago ya dube ta, ba ta buƙaci ya yi magana ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Bayan azahar kaɗan."

Ba ta san ta zauna ba sai da ta ji sanyin siminti. Rakiya ta durƙusa kusa da ita, ba ta saki hannunta ba. Can ta ce a hankali, cikin Hausarta mai tsinkewa, "Ranar nan an ce jinina yana da tsada, za a kira ni. Na gaya wa mai gida, in an kira a faɗa mini ko ina ina. Kullum ina tambaya. Na ce ko sun duba sun ga ba shi da kyau." Sannan ta ƙara, "Jiya ma ina nan kasuwan Dapaong."

Da nas ta zo wucewa, Rakiya ta miƙe ta nuna mata hannu ta ce a ɗiba, tunda ta riga ta zo. Aka ɗiba, aka ajiye wa wani.

Bayan addu'ar bakwai Nafissatou ta koma Sokodé. Ta hau matakala, ta gaisa da kowa, ta zauna ta goge layin nan guda ɗaya. Allon bango ya yi ja, ya rubuta cewa ba a samu Madina ba. Fayçal ya zo ya tsaya a bayanta, idonsa ya kaɗa.

"Nafi, ko a canja sunan? Don ke."

"A bar shi, Patron."

Fayçal ya koma wurinsa. Ya kira masu tallafi ya gaya musu ba wani sabon gyara da zai fita sai an sake harsashi, in za su janye su janye. Aka kwance duk abin da ke turke, aka raba wa kowa nasa. Aka kuma sa doka cewa daga yau duk gwajin da za a ɗaure sai da sunan mai shi da ranar kwancewa, in ranar ta wuce allo ya yi ja da kansa.

Aikin da aka yi shekaru ana tsoro bai kai ƙarshen damina ba. Duk tsawon makonnin nan, kowace safiya in ta shigo, abin da ke fara tarar ta a bango shi ne sunan yayarta da jan rubutu. Abokan aiki suna kau da kai. Ita kuwa takan tsaya ta karanta shi kafin ta ajiye jaka, kuma ba ta gaya wa kowa ba cewa ta fara ɗokin wannan tsayuwar.

Wata rana da hantsi ta tura gyaran ƙarshe. Kwamfuta ta bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya, ta shigar da mutum biyu a kan waya ɗaya, ta neme su, ta same su duka. Allo ya yi kore. Ba wanda ya tafa. Fayçal ya ce alhamdulillahi a hankali, ya fara maganar komawa Korbongou a sake rajista.

Nafissatou ta ci gaba da kallon bangon. Ta manta, ita da ta fi kowa sanin sana'ar, cewa gwajin da ya ci ba ya rubuta komai. Na'urar ta samu Madina, saboda haka ba za ta sake ambaton ta ba. Ta tashi ta sauka ƙasa, ta zauna a kan bencin tela, ta yi kukan da ba ta yi ba tun Dapaong. Telan ya tsayar da kekensa bai tambaye ta komai ba.